Igiyar da Aka Ɗaura wa Dish ɗin Baba Abednego

Ku yi haƙuri, ban taɓa rubuta labari ba. Na dai kasa riƙe wannan a cikina.

"Wa ya ɗaura igiya a nan?" na tambaya.

Matan zumuntar coci ne. Sun cika gidan maƙwabcinmu Baba Abednego a Kafanchan, sun kafa tamfol saboda masu dubiya, suka ɗaura igiyarsa a jikin dish ɗin talabijin. Dish ya karkace, hoto ya ɗauke. Saura minti ashirin a nuno ƙungiyar mawaƙan cocin da 'yarsa Yemima ke waƙa a Jos, shi kuwa Baba, likita ya ce ba sauran magani, a mai da shi gida kawai.

Shekara talatin yana saka wa mutane dish. Shi ya koya mini da lemo da zare cewa roka ba ya miƙewa sama kai tsaye. Kusa da duniya ake fara ajiye tauraron ɗan'adam, a tunkuɗa shi ya bi hanya mai siffar ƙwai, a can ƙololuwa a sake tunkuɗa shi, in ba haka ba ya gangaro. A nisan kilomita dubu talatin da shida yake zagaye ɗaya a kwana guda, daidai da duniya, shi ya sa dish ba ya buƙatar bin sa.

"Hafsat," Baba ya kira ni ta taga, da ƙyar. "Tauraron yana nan inda yake. Mu ne mun kauce. Ɗauki sifana."

"Yarinyar mutane a kan tsani?" in ji matarsa, Mama Milka, da Hausarsu da ba ta raba mace da namiji. "In ya faɗi, me zan gaya wa mamanshi Nene?"

"Bar shi ya hau, Mama," in ji Baba.

Na kwance igiyar, tamfol ya rufto kan mata, suka yi ta salati irin nasu. Na hau.

"Kaɗan-kaɗan... gabas... ke, ba kunnen akuya ba ne!"

Na sassauta hannu. Na jira ya ce in ƙara ko in rage. Bai ce ba. Na ci gaba da turawa, kaurin farce, kaurin farce, har waƙa ta tashi a ɗaki.

Da na leƙa, ga Yemima a layi na biyu. Fuskar Baba na kallon talabijin, Mama Milka na rufe masa ido. Ban san wanne ya riga ba, hoton ko tafiyarsa.

Na ajiye sifana a bakin taga, na bi ta bayan rumbu, takalmana a hannu.