Fitilun Ƙasa na Motar Ɗanladi

Ni na fara gani. Duk Jakara, da malamanta da dattawanta, babu wanda ya riga ni gane abin da ke damun Gwadabe, kuma da ido ɗaya na gane, don ɗayan batirin babbar mota ya tafi da shi tun ina saurayi. Sunana Sabo Rewaya. Ban taɓa zama a aji ba, amma na haɗa wayar motocin soja lokacin yaƙin basasa na dawo da ƙafafuna, kwalara ta shiga gidanmu ta fita ta bar ni tsaye.

Gwadabe ɗan maƙwabcina ne, marigayi Alhaji Sule. A masaƙa yake aiki, yana cikin shugabannin ƙungiyar ma'aikata, bakinsa ba ya shiru. Zamanin soja wasu mutane suka shigo lungunmu da mota, suka haske shi a ƙofar gida, suka tafi da shi. Sai da ake shirin miƙa mulki ga farar hula aka sako shi. Gari ana ta maganar rantsar da gwamna, shi ko ya dawo ba ya magana.

Da rana lafiya lau. Bayan Magariba zai zauna da mu a tabarma, sai kawai ya zabura, ya yi ihu, ya faɗa zaure yana neman inda zai cusa kansa. Ran nan ya ture mahaifiyarsa Kande, ta faɗi ta gurɗe hannu. Kowa ya ce ai lokacin ya nuna, aljanun Magariba ne. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu. Ƙarshe dangi suka yanke cewa ranar Juma'a, in an sauko, za a kai shi gidan mari a ƙauye. Mutumin da ya fito daga wani kulle za a mai da shi wani.

Ni kuwa ba Gwadabe nake kallo ba, bango nake kallo. Ƙanensa Ɗanladi yana da rumfa a Kurmi, shi ya gaji Fijo 404 ta ubansu, kuma ita kaɗai ce motar da ke shiga lungunmu. Bayan Magariba yake dawowa. Da ya karyo kwana, manyan fitilu biyu su hau bango su sauka a fuskar duk wanda ke tabarma. Ɗan acaɓa zai wuce da fitilarsa ɗaya, Gwadabe ko gezau. Ran da Ɗanladi ya kwana a Zariya, aljanun ba su zo ba.

Na tare Ɗanladi da safe yana goge motar.

"Ɗanladi, aljanin yayanka taya huɗu gare shi."

"Baba Sabo, ka fara ko?"

Na faɗa masa abin da na gani. Ya ce to zai riƙa kashe fitila in ya shigo.

"Ka kashe ka taka ɗan wa? Ga kwata a buɗe, ga yara, ga akuyar maƙwabciyarmu Indo da ba ta san gida ba. Waɗancan fa, na ado ne?"

Na nuna masa fitilu biyu rawaya da ke ƙasan bamba, irin waɗanda ake kunnawa in ruwan sama ya rufe hanya. Ƙasa suke kallo, ba sa hawa fuska. Sai dai wanda ya ɗaura wa Alhaji su ya jawo wutarsu daga manyan fitilu, ba sa kamawa sai manyan suna kunne. Na ce zan raba su, in ya shigo lungu ya kashe manyan ya bar ƙananan.

Nan ya tubure. "Motar Alhaji ce. Tun da ya rasu ba a taɓa yanka mata waya ba. Ka ƙone ta, me zan ce?"

"Ka ce Sabo ne. Ni da na yi wayar tirela a daji ba fitila, wannan tsohuwar ce za ta gagare ni?"

"Ai a wajen batir ka bar idonka."

"Na bar shi, na kuma riga ka gani da ragowar."

Kande ce ta raba mu. Daga cikin zaure, hannu a ɗaure, ta ce, "Ɗanladi, ubanka bai taɓa shiga gidan kowa ba sallama ba. Ita motar tasa kullum sai ta faɗo wa mutane a fuska. Bar shi ya yanka."

Na cire kan batir da bismillah. Na bi wayar da ta taso daga manyan fitilu zuwa ƙananan, na yanke ta, na naɗe bakin da tef na kwantar da shi, don Ɗanladi ya ga ba a zubar da komai na ubansa ba. Na jawo sabuwar waya mai kauri daga batir, na sa mata fiyus kusa da shi, ta bi ta rile, ɗan akwatin da ke saki da yanke wuta, ta sauka ga ƙananan fitilun. Makunni na ɗaura a ƙasan dashbod, ban huda ko'ina ba, na ɗauko wutarsa daga makulli don kada ya manta su a kunne batir ya mutu. Sannan na kwance fitilun na ƙara sunkuyar da kansu, har hasken ya tsaya iya gwiwar mutum.

Ran Alhamis muka idar da Magariba muka zauna. Na zauna jikin Gwadabe. Ban faɗa masa komai ba, don ban san ko yana ji ba. Muka ji ƙarar injin daga bakin titi. Gwadabe ya kama wuyan hannuna, ya matse har na ji ƙashina.

Motar ta karyo kwana. Bango ya zauna da duhunsa. Haske rawaya ya biyo ƙasa a hankali, ya nuna kwata, ya nuna takalmanmu, ya tsaya a bakin tabarma.

Gwadabe bai tashi ba. Ya daɗe yana kallon takalmansa. Sannan ya ce, da murya kamar ta wanda ya tashi daga zazzaɓi, "Wa ya koya wa yaron nan tuƙi? Zai sa taya a kwata."

Ɗanladi ya kifa kansa a sitiyari. A zaure muka ji Kande tana salati tana kuka.

Juma'a aka sauko, dangi suka zo da motar da za a kai shi, Kande ta ba su fura ta sallame su. Ban ce ya warke ba. Har yau ba ya fita babban titi in rana ta faɗi, kuma akwai abubuwan da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Amma a ɗakinsa yake kwana, ƙafarsa ba ƙarfe.

Yanzu na ji wasu na cewa rubutun da ya sha ne ya yi aiki a ranar. Allah ne mai warkarwa, ban musa ba. Amma mai faɗin haka ya zo in miƙa masa filaya, ya mai da wayar nan yadda take, ya zauna kusa da Gwadabe bayan Magariba. In yana da zuciyar, ga ni nan a ƙofar gida.