Ranar da Huluna Suka Tashi Sama

Shekarar da fari ya cinye shanu, sojoji kuma suka karɓi mulki, wata mota ta kawo majigi wani ƙauye kusa da Kanan-Bakashe. An zo nuna yadda ake dafa jar dawar taimako, amma direban ya haɗo da wani fim na ban dariya: samarin Turawa a lakwal, wato makarantar boko, suna bin 'yan mata, suna shan kunya, suna faɗawa ruwa da tufafinsu. Ba mai jin yaren. Namadi, wanda ya taɓa yin dako a Maraɗi, shi ya tsaya gefen farin zane yana fassara abin da ya ga dama.

A ƙarshe wani tsoho mai tumbi ya hau dandamali ya yi jawabi, samarin suka cire huluna suka watsa sama.

"Kun gani?" in ji Namadi. "Haka ake girmama babba a ƙasarsu. In ya yi magana, hula ba ta isa ta zauna a kai ba."

Elisha yana ɗan saurayi a lokacin, fim ɗin kuwa ya shige shi kamar ruwa a rairayi. Shi da tsaransa suka koyi ɗaga wuyan riga da tafiyar rangaji. Yaran da aka haifa daga baya suna ba da labarin fim ɗin kamar da su aka yi shi. Jifan hula ya zama al'ada. Fasto ya gama wa'azin Kirsimeti, a watsa. Maigari ya raba gardama, a watsa. Musulmi da Kirista ba su taɓa haɗa kai a kan wani abu haka ba.

"Abin da kuka gani sau ɗaya a jikin zane ya fi Linjila zama a kanku," in ji Marta, uwar Elisha.

Bayan shekara goma fari ya dawo. Elisha ya zama sarkin samari, rumbunsa ba ko zangarniya, matarsa Lami tana jiƙa 'ya'yan anza na daji yara su ci. Sai labari ya zo cewa wani kaftin yana tafe daga Mayahi da kamiyo guda, babbar mota cike da hatsi, ƙauyuka uku kuma suna jira. Kowa ya san inda tarba ta yi mashi daɗi, nan zai sauke.

Elisha ya jera samari cikin rana, ya ari huluna ga waɗanda suka sayar da nasu. Kaftin ya hau teburi, ya yi dogon jawabi a kan ladabi da aiki. Yana rufe baki Elisha ya ɗaga hannu. Huluna suka tashi kamar tsuntsayen jan baki daga gonar gero.

Ba a ji tafi daga sojoji ba. Kaftin ya cire tabarau.

"Wa ya koya maku wannan?"

"A fim muka gani, mon kapiten," in ji Elisha, ƙirji a gaba. "Girmamawar Turawa ce."

"Na san fim ɗin, na gan shi a bariki. Kun san abin da yaran ke murna? Sun gama lakwal, sun rabu da tsohon nan har abada. Ke nan kun gaji da mu?"

Elisha ya waiga neman Namadi. Namadi ya riga ya zama kurma a bayan rijiya. Direban kamiyo ya tada mota.

A nan Elisha ya auna abin. In ya ce sun sani, ƙarya ce, kuma gidan kaso. In ya ce ba su sani ba, gaskiya ce, amma gaskiyar da za ta tuɓe gari duka a gaban baƙo. Bai taɓa zaton gaskiya za ta fi ƙarya ƙasƙanci ba. Ya tuna tukunyar Lami, ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, mu jakai ne. Shekara goma muna yi wa fasto, muna yi wa maigari, ba mu san kora ce ba."

Kaftin ya yi dariya har da riƙe ciki, sojojinsa suka taya shi. Babu abin da ke sanyaya ran mai mulki kamar talaka ya rantse shi wawa ne. Ya ce a sauke buhuna, amma kada wanda ya ɗauki hula sai ya tafi. Kamiyo ya juya a kan hulunan, ya bar su shimfiɗe kamar waina.

Samari suka tsinci abinsu suna kaɗe ƙasa, ba mai kallon wani. Marta ta aza rabonta a ka, ta ce, "To, Ta'ala ya kawo ƙarshen shirme."

Ba ta canka ba. Motar kaftin na ɓacewa a kan tudu, Elisha ya dubi tattakakkiyar hularsa, ya dubi hanya, ya wurga ta sama iya ƙarfinsa. Sauran suka bi.

Daga ranar fasto da maigari suka huta. Amma duk babban da ya zo ya yi jawabi a ƙauyen, ana tarbarsa da hula daram a kai, sai ya ba da baya a watsa su sama.