Kunkuru a Hannun Mai Kaji

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo, kunnenmu na gare ki.

Wata ma'aikaciyar jinya ce take kiwon kunkuru a ɗakinta, cikin akwatin gilashi. Fitila ɗaya ta rataya masa a kusurwa, saman wani falalen dutse, ɗaya kusurwar kuwa inuwa ce da kwanon ruwa. In ya ji sanyi ya hau dutse, in zafi ya ishe shi ya sauka. Sai aka tura ta kwas na kwana uku, ta bar shi a hannun yayanta, mai kiwon kaji.

Ran da ta dawo, ko jaka ba ta ajiye ba ta ga fitila biyu a kunne, nan ɗaya can ɗaya, an kuma lulluɓe akwatin da bargo. Kunkuru baki buɗe yana ta karce gilashi, ganyensa ya bushe ko taɓawa bai yi ba.

"Yaya! Wa ya ƙara wannan fitilar?"

"Ni mana. Na sa bayan hannu na ji gefen can sanyi ƙalau. 'Yan tsaki dubu nawa na rena tun kina firamare?"

Ranta ya ɓaci. Ta ɗauko ma'aunin zafi ta ɗora kan dutsen: arba'in da huɗu. Ta kai shi inda dā inuwa take, ta jira: arba'in da ɗaya.

"Zo ka karanta da idonka. Talatin da uku ake so a dutse, can kuma ashirin da biyar. Gasa shi na ce ka yi?"

"Ke dai akwai tsiwa. Ai dabba ta san kanta. Ɗan tsako in zafi ya dame shi, gefe yake ja."

"To shi wane gefen ka bar masa, Yaya?"

Yaya ya leƙa akwatin, ya sosa ƙeya.

Ta fizge bargon, ta kashe fitilar banza, ta tsoma kunkuru a ruwa mai ɗan ɗumi tana ta mita. Kwana biyu kunkuru bai ci komai ba, ita ma abincin bai shiga ba. A na uku ya miƙo wuya ya ja ganye.

Kunkuru ya warke sarai. Yaya ya koma wajen kajinsa yana gaya wa mutane dabbar ce mai raki. Ita kuwa mako biyu gaisuwa kawai ke haɗa su.