Ruɓaɓɓen Kifi a Ƙafar Bakari

Mairam bandar kifi take yi a Kirikasamma, da ita take ciyar da 'ya'yanta huɗu. Yawancin kifin daga Gurbin Kanya masunta suke kamo shi, wani wuri mai zurfi a kwanar kogi da bishiyoyin kanya suka yi wa rumfa. In bazara ta tsananta, ruwa ya ɗau zafi, nan tarwaɗa da karfasa suke taruwa su sha sanyi har damina ta faɗi.

Da aikin yashe kogi da cire ciyawar kachalla ya zo, aka naɗa Bakari shugaban kwamitin gari. Shi ya nuna wa mai injin inda zai bi. Ya sa aka sare kanyoyin, aka juye laka a gurbin, aka miƙe hanyar ruwa ta bakin gonarsa ta shinkafa.

Mairam ta same shi ta ce, "Malam Bakari, ina kifin nan zai fake?"

"Aikin maza ne wannan," ya ce, bai ko kalle ta ba.

Zafi na kankama kifi ya taso, ciki sama. Masunta suka yi ta Allah ya isa. Ita kuwa jira take.

Ranar da injiniyoyi suka zo daga Haɗeja duba aiki, Bakari na tsakiyar jawabi cikin farar shadda, Mairam ta ratsa taro da daro a ka, ta kife masa ruɓaɓɓen kifi a ƙafa. Wari ya tashi, mutane suka dare.

Ta juya ga shugabarsu, Injiniya Aziza. "Hajiya, zo in nuna miki abin da ya binne."

Aziza ta bi ta, ta buɗe taswira. Babu inda aka ce a taɓa gurbin. Cikin sati biyu aka tone shi, aka dasa sabbin bishiyoyi, aka toshe hanyar ruwan Bakari. Shinkafarsa ta fara ƙonewa.

Ya zo har bakin bandarta, murya ƙasa-ƙasa. "Mairam, ki sa baki a bar mini ko ɗan magudani."

Ta bar shi tsaye cikin hayaƙi har ta gama juya kifinta.

"Na ji," ta ce.

Washegari ta je ta duba toshiyar, ta ga wani gefe yana yoyo zuwa gonarsa. Da kanta ta cika buhu biyu da yashi, ta danne wurin da ƙafa.