Takardar Sallamar Gottlieb Radue

"Ki cire hannunki daga kai mana, ba guduwa za ta yi ba," in ji Tante Irmgard, tana jawo takardar ƙarƙashin fitilar tebur.

Verna Radue ta janye hannu. Tun asuba suka baro Stutterheim zuwa East London ita da ɗanta Clinton, takardar tana cikin gwangwanin biskit a kan cinyarta. Ta kakan kakan mijinta ce, Gottlieb, wanda ya baro Jamus ya sauka a wannan gaɓar teku a shekarar 1858. A dangin yanzu babu mai jin Jamusanci, balle wannan rubutu mai kama da ƙayar waya. A duk garin, tsohuwar nan mai shekara tamanin da huɗu, da kowa ke ce wa Tante, wato gwaggo, ita kaɗai aka ce tana karanta shi.

Clinton bai shigo ba. Bai sami wurin ajiye mota ba, ya tsaya a bakin titi yana gadin ta. Shekararsa biyu ke nan ba aiki, tun da aka rufe masana'antar da yake walda. Wani abokinsa a birnin Bremen na Jamus ya ce masa in har ya sami fasfon Jamus ta hanyar kakanni, aiki na jiran sa. Tun ranar Verna ba ta ƙara yin barcin kirki ba. Shi kaɗai ya rage mata a gida.

Tsohuwar ta bi layin da madubin ƙara girma, leɓunanta na motsi.

"Ɗan ƙodago ne a gonar wani mai ƙasa a Pomerania, can Jamus. Ba shi da ko taku ɗaya na kansa. An rubuta nan cewa dankali ya ruɓe shekara biyu a jere, mai gonar kuma ya karɓe ɗakin da suke ciki. Ga mata, ga jariri."

"Mu fa ce mana aka yi malamin makaranta ne."

"Kowa haka ake ce masa, 'yar nan. Shekara arba'in ina wannan aiki, ban ga wanda ya ce kakansa yunwa ce ta koro shi ba. Duk malamai ne da 'ya'yan sarauta. Sai ka rasa wa ke noma dankalin."

Verna ta yi ƙoƙarin murmushi, bai fito ba. "To fasfon fa, Tante?"

Tante Irmgard ta ajiye madubin. "Wannan takardar sallama ce. Hukuma ta ba shi izinin tafiya, shi kuma ya ajiye zamansa na ɗan ƙasa, da shi da iyalinsa. In kin kai ta ofishin jakadanci, ke da kanki kin kai musu shaidar cewa ku ba nasu ba ne."

 Daɗi Verna ta ji, kuma nan take kunyar jin daɗin ta kama ta. Ta sunkuyar da kai, idonta ya faɗa kan wasu ƙananan gicciye uku a ƙasan takardar, karkatattu, na ƙarshen alƙalami ya huda shi.

"Wannan fa?"

"Sa hannun uwarsa ne. Ba ta iya rubutu ba. Mijinta ya rasu, shi ke ciyar da ita, don haka sai da aka nemi yardarta kafin a sake shi." Tsohuwar ta mayar da takardar cikin gwangwanin. "Ɗan naki walda kika ce yake yi? Ai ba ya bukatar wani kaka. Masu sana'ar hannu suke nema can, akwai bizar aiki. Harshe ne kawai sharaɗin. Ki turo min shi ranar Talata in fara koya masa, in kansa ba dutse ba ne, wata takwas ya isa."

Verna ta sauko matakala a hankali, tana riƙe da ƙarfen gefe. Clinton ya hango ta, ya miƙa hannu ya buɗe mata ƙofa.

"Ma, yaya? Mun zama Jamusawa ko sai an yi mana wanka?"

"Takardar ba ta da amfani. Sallamar kakan naku suka yi, ba sa nemanmu."

 Clinton ya tayar da mota, ya shiga titi, haƙoransa a datse. Ta saci kallon sa: furfura ta fara fito masa a gefen kunne, yaron da bai cika talatin ba. In ta yi shiru, ba mai faɗa masa sauran. Tsohuwar ba ta ma san lambarsa ba.

Suka wuce tashar motocin haya, suka wuce masu sayar da abarba a bakin gada. A fitilar hanya ta uku ja ta tsayar da su.

"Za mu tsaya mu sayi burodi, ko akwai a gida?" ya tambaya.

Verna ta ƙanƙame gwangwanin.

"Ka tsaya kantin littattafai tukuna," ta ce. "Littafin rubutu za ka saya. Tante ta ce ka zo ranar Talata."