Rabin Awa Bayan Allurar Parlagfu

Wata bakwai ke nan ina zuwa asibitin gari duk Laraba a yi mini allurar parlagfu, ciyawar da garin furenta ke toshe mini ƙirji duk watan Agusta. Likita ya ce jikina ya ɗauki garin a matsayin maƙiyi. Allurar ma garin ce, ana ba ni kaɗan-kaɗan, yadda ake saba wa kare da baƙo har ya daina haushi. Amma ya ja mini kunne: ranar da ƙirjina ya riga ya fusata, ba a yin ta.

Da safen nan Baba ya ce masu duba gonaki suna tafe, masu cin tarar duk wanda ya bar parlagfu a gonarsa, ga ciyawar ta cika bakin gonar masararmu. Bayansa na ciwo. Na ɗaura ƙyalle a hanci na yi ta yanka har rana ta take.

Inna Etelka, mai yin allurar, ta dubi idanuna.

"Piroska, kuka kika yi ko saurayi ne ya gudu? Ƙirji fa, lafiya?"

Mutum shida ne a layi, duk suna saurare. Na ce lafiya lau. Ta soka, ta nuna mini benci, ta ce in zauna rabin awa ko allurar za ta tayar mini, ko minti ɗaya kada ya ragu.

Motar ƙauyenmu ƙarfe biyu take tashi, babu wata sai gobe. Minti goma sha biyar na zauna. Da ta juya baya na sulale na je na shiga motar.

Mun wuce gadar jirgin ƙasa tafin hannuna ya fara ƙaiƙayi, sai tafin ƙafa. Na haɗiyi yawu, ya ƙi wucewa. Matar da ke gefena tana ba maƙwabciyarta labarin barkonon da ta shanya. Ta taga kuwa parlagfu ce jere a bakin hanya, ta yi tsayin mutum.

Kawu Bandi direba ya san ni tun ina goye, amma ban taɓa yi masa magana a gaban mutane ba. Na miƙe, na bi kujeru ina dafawa har na isa bayansa.

"Kawu, juya. Asibiti."

Muryar da ta fito siririya ce, da fito a cikinta. Ya rage rediyo, ya dube ni ta madubi.

"Me kika ce, 'yata? Ɗaga murya."

Na buɗe baki. Iska ba ta shiga ba. Na kama hannun rigarsa na riƙe.