Idon Buraima

Shekara tara ina tuƙa motar kafil ɗinmu, ubangidan da ya ɗauke mu aiki a Saudiyya, Buraima mutumin Damagaram yana zaune a gefena. Maharbi ne a gida. Don idonsa kaɗai kafil yake sabunta masa iƙama, takardar izinin zama: duk Juma'a in mun je gonar kafil a bayan Riyad, sai ya ɗaga bindiga ya ce, "Kam mitir?", wato mita nawa. Buraima ya faɗi nisa, shi kuma ya harbi allon saiti.

Ni kaɗai na san idon nan ya dushe tun shekara biyu, yana ta ɓoyewa. Da safe, kafin kafil ya fito, sai ya bi gonar da ƙafa yana ƙirga taku, daga rumfa zuwa kowane allo, ya haddace.

Na ce masa, "Badamagare, ramin ƙarya ƙurarre ne. Mu je asibiti a Shumaisi."

Ya ce, "Bakano, riƙe sitiyarinka. In likita ya rubuta, kafil ya karanta."

Sai kafil ya sayo sabon madubin bindiga. Ka leƙa, ka danna, wani haske ya je ya dawo, lamba ja ta fito a ciki. Ya gwada Buraima da shi. Allo na farko, ɗari da tamanin. Daidai. Na biyu, ɗari uku da goma. Daidai. Kafil ya yi ta mashaAllah. Ido ba mudu ba, ya san kima, in ji mutane. Nan ƙafa ce ta sani.

Mako na gaba kafil ya ce mu wuce gonar, mu shiga sahara, abokansa su ga Buraima da madubi wa zai riga wani. Wurin da Buraima bai taɓa takawa ba. Aka kafa allo.

"Kam mitir, ya Buraima?"

"Ɗari biyu da hamsin."

Madubi ya ce ɗari huɗu da sha biyu. Kuma ba allon Buraima yake fuskanta ba, wani dutse yake kallo. Ba wanda ya yi dariya. Kafil ya miƙa masa bindigar ya ce ya karanta lambar da kansa. Ya leƙa ya daɗe, ya mayar bai karanta ba.

Ranar Talata takardar huruj ta fito, ta sallamar Buraima gida. Ni na kai shi filin jirgi. Ban ji komai a raina ba, shi ma bai nuna ba. Da ya sauka daga mota ya ce, "Bakano, ƙofar taku nawa?"

Na ce, "Kamar arba'in."

Ya ɗauki jakarsa ya fara ƙirgawa.